Darasi na 9: Ma'aikaci a Ƙasar Baƙunta

Manufofin darasi

Bayan kammala wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. faɗin ko wane ne ma'aikacin ƙetare, da dalilin da ke sa kamfani ya tura shi;
2. ambata takardun da yake bukata, da lissafa yadda canjin kuɗi ke taɓa albashinsa;
3. gane alamun gigin baƙunta a jikin ma'aikaci da iyalinsa;
4. bayyana abin da ya sami Walmart a Jamus da abin da Toyota ya yi a Amurka, da bambancin da ke tsakaninsu.

Daga falke zuwa injiniya

Tun kafin a san jirgin sama, fataken Kano da Katsina kan yi tafiyar watanni zuwa Salaga ta ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau. Sukan kai kanwa da tufafi da fatu, su sayo goro. A kan hanya madugu ne mai faɗa a ji, amma da an sauke kaya a zango sai magana ta koma hannun mai gida. Shi ke ba falke ɗaki da abinci, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya yi masa tafinta. Wani masani ɗan Birtaniya mai suna Abner Cohen ya zauna a unguwar Sabo ta Ibadan a farkon shekarun 1960, ya ga wannan tsari yana aiki a cinikin shanu da goro. A littafin da ya fitar a 1969 ya nuna cewa mai gida har lamuni yake tsayawa idan mahauci ya karɓi shanu bashi, domin baƙon da ya kawo shanun bai san wa ke biya ba, bai san wa ke cinyewa ba.

Kamfanonin zamani suna fama da wannan tsohuwar matsala, sai dai cikin kwat da jakar takardu. A shekarar 2015 kamfanin simintin Dangote ya buɗe masana'antu a Mugher ta Habasha, da Ndola ta Zambiya, da Mtwara ta Tanzaniya, da Douala ta Kamaru. Bankin UBA yana aiki a ƙasashen Afirka 20. Duk reshen da aka buɗe irin haka, sai an ɗauki wasu daga hedikwata an tura su: injiniyan da ya san injin, akantan da ya san tsarin lissafin kamfani, manajan da shugabanni suka amince da shi. Kamfanonin wasu ƙasashe ma turowa suke yi, kamar yadda injiniyoyin Sin na kamfanin CCECC suka zo aikin layin dogon Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016.

> Akwatin ma'ana
> Ma'aikacin ƙetare: ma'aikacin da kamfaninsa ya tura wata ƙasa don ya yi aiki na wani lokaci da aka yanke, galibi shekara biyu zuwa biyar, sannan ya dawo.
> Ƙasar masauki: ƙasar da aka tura shi.
> Al'adar kamfani: yadda aka saba gudanar da aiki a cikin wani kamfani, daga gaisuwa har zuwa yadda ake yanke shawara.

Kuskuren da aka fi yi wajen zaɓe shi ne a duba ƙwarewar aiki kaɗai. Gwanin injin da ba ya haƙuri da mutane, ko wanda ba ya iya tambaya in bai gane ba, ya fi amfani a gida.

Takardu

Fasfo da biza suna buɗe ƙofar shiga ne kawai. Izinin zama daban, izinin aiki daban, kuma bizar yawon buɗe ido ko ta Umara ba ta halatta wa kowa karɓar albashi. A Saudiyya takardar zama ita ce igama, kuma tana ɗaure da sunan wanda ya ɗauki mutum aiki. A Najeriya kamfanin da ke son kawo baƙin ma'aikata sai ya nemi kason gurabe daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, sannan Hukumar Shige da Fice ta ba kowane baƙo katin da ake kira CERPAC. Ƙasashe da yawa kuma suna neman katin rigakafin shawara daga mai fitowa daga Afirka ta Yamma.

Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan ƙasashen ƙungiyar damar shiga wata ƙasar ƙungiyar ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Wannan ya sa wasu ke zaton takarda ba ta da amfani tsakanin maƙwabta. Tarihi ya ƙaryata su sau biyu. Tun kafin yarjejeniyar, a Nuwamban 1969, gwamnatin Kofi Busia ta Ghana ta ba baƙin da ba su da izinin zama mako biyu su fice, kuma cikin waɗanda abin ya shafa har da mazauna zango da aka haifa a can. A Janairun 1983 Najeriya ta yi irin wannan, baƙi fiye da miliyan ɗaya suka kwashi kayansu, da yawansu 'yan Ghana. Nijar da Mali da Burkina Faso kuma sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, don haka duk wanda za a tura can, kamfaninsa ya tabbatar da ƙa'idar da ke aiki a ranar tafiyar.

Da wane kuɗi za a biya shi?

Yarjejeniyar da ma'aikaci zai sa wa hannu ya kamata ta faɗi wa zai biya haya, da kuɗin makarantar yara, da inshorar lafiya, da tikitin zuwa gida hutu. Ta kuma faɗi inda zai biya haraji, domin ƙasashe da yawa, har da Najeriya, suna ɗaukar wanda ya kai kwana 183 a cikinsu cikin wata goma sha biyu a matsayin mazauni mai biyan haraji. Amma layin da ya fi kowane muhimmanci shi ne wanda ya ambaci irin kuɗin da za a riƙa biyansa.

> Misali na 1
> A ƙaddara an tura wani akanta daga Kano zuwa wata ƙasa da ake biyan haya da dala, a farkon 2023. Albashinsa naira 920,000 ne a wata. A lokacin, farashin canji na hukuma yana wajen naira 460 kan dala ɗaya.
> 920,000 ÷ 460 = dala 2,000.
> A watan Yunin 2023 Babban Banki ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi, kuma zuwa Fabrairun 2024 dala ta haura naira 1,500.
> 920,000 ÷ 1,500 = dala 613 da 'yan kai.
> Ba wanda ya rage masa ko kwabo, amma kusan kashi 70 cikin 100 na abin da yake iya saye ya tafi. In hayarsa dala 700 ce, albashin gaba ɗaya bai isa biyanta ba.

Shi ya sa kamfanoni masu lura suke raba albashin gida biyu: wani kaso da kuɗin ƙasar masauki don cefane da haya, wani kaso da kuɗin gida don hidimar iyaye da ajiya.

Agogo, kalanda da harshe

Abin da mutum ya tashi da shi yakan zame masa kamar dokar duniya, har ranar da ya sauka inda ba a san shi ba. Shekarar Habasha wata goma sha uku gare ta, goma sha biyu masu kwana talatin-talatin da ɗan ƙarami mai kwana biyar ko shida. Sabuwar shekararsu tana kamawa a watan Satumba, kuma lissafinsu yana bayan na Turawa da shekara bakwai ko takwas. Agogonsu ma daga fitowar rana yake fara ƙirga.

> Misali na 2
> A ƙaddara wani injiniya ya sauka Addis Ababa, direba ya ce masa zai zo ɗaukarsa gobe da ƙarfe 2. Injiniyan ya yi zaton bayan azahar ne, ya yi kwanciyarsa. Da ƙarfe 8 na safe sai ga direba a ƙofa. A agogon Habasha ƙarfe 7 na safe shi ne ƙarfe 1, don haka ƙarfe 2 na direban shi ne ƙarfe 8 na injiniyan. Da ya yi tambaya ɗaya, da ta raba gardamar: "Agogonku ko na Turawa?"

Ranakun aiki ma haka. Tun 2013 Saudiyya take hutun Juma'a da Asabar, ta koma aiki Lahadi. Ofishin Kano da na Riyadh ke nan kwana huɗu kacal suke haɗuwa a mako, Litinin zuwa Alhamis, ga shi Riyadh tana gaban Kano da awa biyu. Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa kuwa ta mayar da hutunta Asabar da Lahadi a Janairun 2022. 'Yan Kantin Kwari masu sayo kaya a Guangzhou sun san nasu karatun: birnin yana gaba da awa bakwai, kuma wanda bai ba da odarsa kafin sabuwar shekarar Sinawa ba, wadda ke faɗowa a Janairu ko Fabrairu, zai yi makonni yana jiran masana'antu su buɗe.

Waɗannan duk ana iya rubuta su a takarda a manna a bango. Mai wuyar ita ce magana. A 1976 wani Ba'amurke masanin al'adu, Edward T. Hall, ya raba al'ummu gida biyu. Akwai masu faɗin magana ɓaro-ɓaro, kamar Jamusawa da mutanen Holan, waɗanda ma'anarsu tana cikin kalmomin da suka furta. Akwai kuma masu lulluɓe ta, kamar Japanawa da Larabawa, waɗanda sai an karanta fuska da shiru da matsayin mai maganar. Bahaushe ba ya bukatar dogon bayani a nan. In attajiri ya ce wa mai neman bashi "bari mu gani" ko "sai na neme ka", kowa a kasuwa ya san an gama magana. Bajapane in ya ja numfashi ya ce "abin zai yi wuya", shi ma a'a yake nufi. Bajamushen da ya ji waɗannan amsoshi sai ya koma ofis ya rubuta cewa ana kan tattaunawa.

Ta ɗaya ɓangaren, Bajamushe yana iya cewa a gaban taro "wannan lissafin kuskure ne", ba tare da nufin cin fuska ba, alhali akantan da ya fito daga Zariya zai kwana da abin a ransa. Haka nan saurayin da aka horar da shi ya sunkuyar da kai gaban babba, a Amurka sai a ce yana ɓoye wani abu tunda ya ƙi haɗa ido.

> Akwatin ma'ana
> Magana a fili: salon da mai magana ke faɗin nufinsa kai tsaye, har da ƙin amincewa.
> Magana a lulluɓe: salon da ake barin mai sauraro ya tsinci nufin daga yanayi, don kada a kunyata kowa.

Rabon Hall jagora ne kawai na mako na farko. Akwai Bajamushe mai kawaici, akwai Bakano mai faɗin gaskiya komai ɗacinta, kuma ma'aikacin da ya riƙe rabon kamar karatun allo zai daina ganin mutumin da ke gabansa.

Gigin baƙunta

A 1954 masani Kalervo Oberg ya yi wa wata ƙungiyar mata lacca a Rio de Janeiro ta Birazil, inda ya zayyana halin da baƙo ke shiga mataki-mataki. Da farko kwanakin amarci ne, komai sabo, komai abin sha'awa. Daga nan sai ƙunci ya shigo: abincin ya gundure shi, yana ganin 'yan gari ba su da kirki, ba ya son zama sai da 'yan ƙasarsu ana zagin masu masauki. In ya jure, sai ya fara tsintar harshen, har ya riƙa yi wa kansa dariya kan kurakuransa. A ƙarshe ya saba.

> Akwatin ma'ana
> Gigin baƙunta: damuwa da ruɗewar da ke kama mutum idan ya rasa alamomin rayuwa da ya saba da su, kamar harshe, abinci, gaisuwa da maƙwabta.

Sau da yawa ba ma'aikacin ne abin ya fi kamawa ba. Shi yana da ofis da abokan aiki da tafinta. Matarsa, ko mijinta in mace aka tura, ita ce ke wuni a ɗaki ba mai sallama, kuma a ƙasashe da dama izinin zaman da ake ba iyali bai haɗa da izinin aiki ba. Yaron da ya yi aji huɗu da Turanci, in aka kai shi Dakar zai tarar da Faransanci a allo. Ga tambayoyin da ba a cika rubutawa a yarjejeniya ba: ina masallacin Juma'a, ina ake samun naman halal, yaya za a yi da azumin da ke haura awa 18 idan ya faɗo lokacin bazarar arewacin Turai? Kamfanin da ya san aikinsa yakan kai ma'auratan ziyarar gani da ido kafin su amsa, ya biya musu kuɗin koyon harshe, ya kuma haɗa su da wani ɗan ƙasar cikin ma'aikatansa wanda zai zame musu mai gida.

Kamfanoni biyu

Walmart shi ne kamfanin kantuna mafi girma a duniya. A 1997 ya sayi kantuna 21 na Wertkauf a Jamus, a 1998 ya ƙara da 74 na Interspar, ya turo shugabanni daga Amurka. Na farkonsu ba ya jin Jamusanci, kuma Turanci aka mayar harshen gudanarwa. Da su aka zo da al'adar kamfanin cif-cif. Aka umarci masu karɓar kuɗi su riƙa yi wa kowane mai saye murmushi, abin da Jamusawa ba su saba gani daga wanda ba su sani ba, har wasu maza suka ɗauka neman su ake yi. Aka sa masu zuba wa mutane kaya a jaka, alhali Bajamushe ya fi son ya zuba abinsa da hannunsa. Aka ce ma'aikata su riƙa taruwa da safe suna rera kirarin kamfani.

Abin ya kai ga kotu. Kamfanin ya raba wa ma'aikata kundin ladabi wanda ya hana soyayya tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, ya kuma buɗe layin waya don kai tsegumin abokan aiki. A Jamus doka ta ba majalisar ma'aikata ta kowane kamfani haƙƙin a yi shawara da ita kan irin waɗannan ƙa'idoji. A 2005 kotun ƙwadago ta Düsseldorf ta soke hanin soyayyar. Shekara guda bayan haka, a 2006, Walmart ya sayar wa kamfanin Metro kantunansa 85, ya fice da asarar kimanin dala biliyan ɗaya.

Adalci ne a faɗi cewa ba murmushi kaɗai ya kori Walmart ba. Ya tarar da Aldi da Lidl, waɗanda suka riga shi ƙwarewa wajen arha, ga dokar da ta taƙaita sayar da kaya ƙasa da kuɗin saye, ga rufe kantuna ranar Lahadi. Sai dai duk waɗannan abubuwa ne da tsofaffin manajojin Wertkauf da Interspar suka sani sarai, kuma da yawansu sun ajiye aiki bayan an sayi kantunan. Kamfanin ya biya kuɗi ya sayi masu gida, sannan ya ƙi jin ta bakinsu.

Toyota ya bi wata hanya. A garin Fremont na jihar Kalifoniya akwai masana'antar motoci ta General Motors da ta yi ƙaurin suna wajen yajin aiki da motoci masu aibi, inda a kan wayi gari kusan mutum ɗaya cikin biyar bai zo aiki ba. An rufe ta a 1982. A 1984 kamfanonin biyu suka sake buɗe ta da haɗin gwiwa da sunan NUMMI, kuma yawancin waɗanda aka ɗauka tsofaffin ma'aikatan nan ne. Toyota ya kwashi ɗaruruwansu rukuni-rukuni zuwa masana'antarsa ta Takaoka a Japan, suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa. A can suka ga igiyar da ke rataye a kan layin haɗa mota, wadda kowane lebura yake da ikon ja in ya ga matsala, ko da layin zai tsaya. A tsohuwar masana'antarsu, tsayar da layi babban laifi ne. Da suka dawo, masu horarwa na Japan suka biyo su, kuma Toyota ya yarda ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadagonsu. Cikin ɗan lokaci fashin aiki ya faɗi ƙasa warwas, motocin Fremont suka shiga sahun gaba wajen inganci a duk masana'antun General Motors. An rufe NUMMI a 2010, kuma Tesla ne ke ƙera motoci a wurin yanzu.

Shi ma Toyota al'adarsa ya kai, kuma bai sassauta ta ba wajen ingancin mota. Bambancin shi ne ya nuna wa mutane ita da idonsu kafin ya nemi su bi, ya kuma bar musu abin da suke ɗauka nasu ne.

Kyauta, da ranar dawowa

A Sin ba a ba mutum kyautar agogon bango, domin furucin "ba da agogo" ya yi kama da na rakiyar gawa. A Japan da hannu biyu ake miƙa katin suna, a karɓa da hannu biyu, a karanta kafin a ajiye. Waɗannan ladubba ne, kuskure a cikinsu ana yafe wa baƙo. Wanda ba a yafewa shi ne kyautar da ta zama toshiyar baki. Amurka tun 1977, Birtaniya kuma tun 2010, suna da dokokin hukunta kamfanin da ya ba jami'in wata ƙasa cin hanci, ko da a can ƙasar ana kiran abin goro.

Dawowa gida ma tana da nata gigin. Ma'aikaci yakan tarar an ba wani kujerarsa, abokansa sun yi gaba, yaransa suna jin baƙunta a garin ubansu. Tun kafin ya tashi ya kamata a rubuta masa matsayin da zai dawo ya tarar.

Tambayoyin bita

1. Ambaci ayyuka uku da mai gida ke yi wa falke. Wa ya kamata ya yi wa ma'aikacin ƙetare waɗannan ayyuka a yau?
2. Mene ne bambancin biza da izinin aiki?
3. Ma'aikaci yana karɓar naira 600,000 a wata. Dala nawa ke nan in canji yana naira 750? In ya koma naira 1,500 fa?
4. Abokin ciniki a Addis Ababa ya ce a haɗu da ƙarfe 4 na safe a agogonsu. Ƙarfe nawa ke nan a agogon da aka saba da shi a Kano ko Maraɗi?
5. Kawo jimloli biyu na Hausa da ake faɗa idan ana nufin a'a ba tare da an furta ta ba. Yaya baƙo mai magana a fili zai fahimce su?
6. Jera matakai huɗu na gigin baƙunta. Me ya sa abin yakan fi tsanani ga iyalin ma'aikaci?
7. Ban da al'ada, waɗanne dalilai ne suka sa Walmart ya kasa a Jamus?
8. Me Toyota ya yi wa ma'aikatan Fremont kafin ya nemi su canza yadda suke aiki?

Aikin gida: kowane ɗalibi ya nemi wani a unguwarsu da ya taɓa zaman aiki ko fatauci a wata ƙasa, ya tambaye shi abin da ya fi ba shi wuya a watansa na farko da wanda ya taimake shi. A rubuta amsar cikin layi goma, ba tare da ambaton sunansa ba, a zo da ita aji mako mai zuwa.